Surfen Gero Ya Nuna Mini Hanyar Rabuwa da Kwalbar Hanci

Ni malamar Islamiyya ce a cikin birnin Katsina. Da yamma ina da ajin 'yan mata inda nake koyar da tajwidi, da safe kuma ajin matan aure kwana uku a mako. Shekarata 39, 'ya'yana biyar. Na fara da faɗar aikina ne domin wanda bai san karatu da gunna (sautin da ke fita ta hanci) ba zai ɗauka toshewar hanci wata 'yar mura ce da za a fyace a wuce.

Duk wadda ta zauna gaban malamin tajwidi ta san gwajin da ake yi wa ɗaliba. A ce ta ja nunun ko mimun mai shadda, tana cikin ja sai a ce ta matse hancinta da yatsu biyu. In sautin ya ɗauke, to gunnarta daga haishumi take fitowa, wato can ƙuryar hanci, inda ya kamata. Ni kuwa sai da na kai matsayin da ba na buƙatar yatsu. Hancin a matse yake, dare da rana.

Abin ya faro ne a Disambar 2018. Hunturun shekarar ya zo mini da mura mai nauyi, ga hazo ya rufe gari, in ka share ɗaki da safe kafin azahar sai ka rubuta sunanka a kan tebur. Na aiki babban ɗana kemis, ya dawo da wata 'yar kwalba da saƙon mai kemis cewa wannan kamar yankan wuƙa yake. Bai yi ƙarya ba. Na ɗiga biyu a kowace kafa, kafin in gama ninke sallaya hancina ya buɗe wayam, har sanyin iska nake ji a tsakiyar kaina. Sinadarin da ke ciki sunansa zailometazolin, a jikin kwali da harafin x yake farawa. Akwai wata takarda mai ƙananan rubutu a cikin kwalin. Ita na fara jefawa a kwandon shara.

Murar ta tafi cikin mako guda, toshewar ta zauna. Da farko safe da dare nake ɗigawa. Kafin damina ya koma sau huɗu. A shekara ta biyu na daina ƙirgawa, abin da na sani shi ne ba na iya awa uku ban nemi kwalbar ba. Ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a jaka, ɗaya a tagar kicin kusa da ashana. In za mu biki sai in manta da turare ban manta da ita ba. Ƙarfe biyu na dare zan farka baki a bushe kamar na tauna gari, in lalubo ta cikin duhu, in ɗiga, in zauna jiran ta yi aiki. Malam, maigidana, mutum ne mai kawaici, sai da aka yi wata da watanni kafin ya ce, "Malama, kin san kuwa kin fara minshari?" Na ce sharri ne. Ya ce to.

Ƙanshi ma ya tafi. Na ƙona miya ba sau ɗaya ba ina tsaye a kanta. Turaren wutar da nake sawa a ɗaki sai dai in ga hayaƙi. Lokacin korona a 2020 kuwa, in na ja hanci a cikin Napep sai in ga kowa ya matsa.

Amma azumi ya fi komai. Maganin yana gangarawa maƙogwaro, ina jin ɗacinsa, kuma a karatun da muka yi abin da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro yana ɓata azumi, shi ya sa ma aka ce mai azumi kada ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala. Don haka da rana ba na taɓa shi. Daga hantsi hancin zai rufe ruf, in wuni ina numfashi da baki a zafin Afrilu, leɓe ya tsage. In ladan ya kira magariba, kowa na miƙa hannu ga dabino, ni kwalba nake miƙa wa. Azumi uku na yi a haka, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ba wai ban nemi magani ba. Na yi sirace da ganyen darbejiya, na shafa man zafi har fatar hancina ta saɓule, na sha citta da kanumfari da zuma, na shaƙi habbatus sauda. Suna ɗan sanyaya rai, ba na raina su. Wata ta ce sanyi ne ya kama ni, wata ta ce in bincika ko hannu aka sa mini. Ba wadda ta ce in dubi abin da ke cikin jakata.

Ranar da ta fi yi mini ciwo a aji ce. Ina biya wa 'yan ƙananan farkon izifin Amma, maganin ya sake ni a tsakiyar darasi. Na ja mimun ɗin, haraka biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce, yara talatin da wani abu suka amsa. Abin da suka amsa ba shi na nufa ba, amma shi suka ji. Wata 'yar shekara tara a layin gaba ta ɗaga hannu, da ladabinta, ta ce, "Malama, da mimun ne ko da ba?" Na ce da mimun ne. Ta ce, "To Malama ba muke ji." Na fita bayan aji na ɗiga, na dawo na gyara musu. Da na koma gida na daɗe zaune a bakin gado. Kuskure a bakina ni kaɗai abu ne guda, kuskuren da zan zuba a bakin 'ya'yan mutane su tashi da shi wani abu ne daban.

A Janairun 2022 ƙanwata, autarmu, ta haihu, haihuwar fari, a gida wajen Inna, wani ƙauye ta hanyar Daura. Na tafi ana saura kwana biyu suna. Garin sauri na canza jaka. Sai bayan isha'i, da hancin ya fara cika, na zazzage kayana kaf a kan tabarma na ga babu. Na tura yaro wajen mai 'yar rumfar magani ɗaya da ke garin, ya ce shi ko ganinsa bai taɓa yi ba.

Daren nan ban kwanta ba. Na jingina da bango, na lulluɓa da bargo, baki a hangame, sanyin hunturu yana shiga kai tsaye har ƙirji. Jaririya ta yi kuka ta yi shiru, zakaru suka yi cara, ni ina nan. Na yi niyyar da gari ya waye in bi motar farko in koma birni, sunan ma a yi ba ni.

Da safe aka ce injin surfen garin ya lalace tun shekaranjiya, ga gero kwano-kwano da za a yi kunun kanwa da fura da shi. Gwaggo ta sa aka fito da turame uku tsakar gida, aka yayyafa wa geron ruwa, mata suka kama. Ina rakuɓe a gefe ido ya yi ja. Sai taubashiyata, 'yar Gwaggo, wadda tun muna yara ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "A kawo wa Malama kujera da lema, kada ƙura ta taɓa ta. Hannun da ya saba da alli ina shi ina taɓarya?"

Aka yi dariya. Ni da ban yi barci ba, raina a kusa yake. Na tashi na ɗaure zane, na karɓe taɓaryar daga hannunta. Rabona da surfe ya fi shekara goma sha biyar.

Mu uku muka kama turmi ɗaya muna lugude. Wadda ta taɓa yi ta san ba a tsayawa, in kin yi jinkiri taɓaryarki ta haɗu da ta wata. Minti biyar na farko na ɗauka zan faɗi. Kafaɗa ta ɗau zafi, zuciya tana dukan ƙirji, ina haki da baki kamar wadda aka koro. Gumi ya keto mini duk da sanyin. Ban san daidai lokacin ba, domin hankalina yana kan turmi, sai na ji wani ɗan fito a kafar hagu, siriri, kamar iska ta sami tsaga a ƙyaure. Na ci gaba. Sai dama ta bi. Sai kawai na ga na rufe bakina, kuma ina numfashi.

Abin da ya fara shigowa ƙanshin jiƙaƙƙen gero ne, wannan na dusa mai ɗan zaƙi-zaƙi. Bayansa hayaƙin kara daga murhu, bayansa ganyen darbejiyar da ake dafawa na wankan mai jego. Na tsaya cak, taɓaryar taubashiyata ta daki tawa. Ta ce, "Har kin gaji?" Ban ba ta amsa ba. Na saki taɓaryar na tsuguna ina shaƙar iska, hawaye na zuba. Gwaggo ta zo ta dafa ni ta ce, "'Yar nan lafiya?" Na ce, "Gwaggo, ina jin ƙanshi." Ta dube ni kamar na zare.

Bai daɗe ba. Na sha ruwa, na zauna ana bakace, bayan kamar minti ashirin na ji yana komawa a hankali, kamar ana tura ƙofa. Na tashi na koma turmi. Ya sake buɗewa. Kafin azahar na gwada sau huɗu, sau huɗun duk haka, tafin hannuna kuwa duk ya yi bororo. Kwana huɗu na yi a garin, duk abin da za a daka ni ce a gaba, in babu daka in karɓi guga in ja ruwa. Mata suna ta sa mini albarka, suna cewa zaman birni bai ɓata ni ba. Na bar su a haka. Dare dai yana nan da wuyarsa, amma a na uku na yi barcin awa uku a jere ba tare da ɗigo ba.

Zan so in ce daga nan na rabu da kwalbar. Ban rabu ba. Ina shiga gida, ko hijabi ban cire ba na ɗaga matashi na ɗauko ta. Sai dai wannan karon na ɗiga ina jin haushin kaina, domin na riga na ga cewa hancin nan ba a lalace yake ba, yana iya buɗewa da kansa. A makon na karɓi kati na ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Ya haska ciki ya duba, bai tambaye ni me ke damuna ba, sai ya ce, "Hajiya, tun yaushe kike ɗigawa?" Na ce shekara uku. Ya ajiye fitilar. Ya ce takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a wuce kwana bakwai.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, don ni shekara uku ina fyace abin da ba majina ba. A cikin kowace kafar hanci akwai wasu nade-naden tsoka guda uku a jikin bango, masu kama da soso, cike da hanyoyin jini. Aikinsu su ɗumama iska, su jiƙa ta, su tare ƙura. In jini ya taru a cikinsu sai su kumbura su cike hanya, wannan shi ne mafi yawan abin da muke kira toshewa. Maganin ɗigo yana matse hanyoyin jinin ne da ƙarfi, soson ya motse. In ya sake su sai su kumbura fiye da da, ki ƙara, su ƙara, har ya zama maganin ne ke haifar da ciwon da kike shan sa dominsa. Ya ce bashi ne da ruwa. Na ce a raina, malamar Islamiyya da cin bashin riba.

Na ba shi labarin turmi ina jin kunya, na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce abu ne sananne a wajensu. In jiki ya shiga aikin ƙarfi, jijiyoyin da ke sa zuciya ta ƙara gudu su ne kuma suke tsuke hanyoyin jinin hanci, ga sinadarin adirenalin da ke ƙaruwa a jini, don iska ta sami hanya. Ƙofar da maganin yake bi ita ce motsa jiki yake bi, bambancin shi ne wannan jiki ne da kansa ya buɗe, kuma ba ya dawowa neman riba. Illa dai ba ya daɗewa, yawanci cikin rabin awa bayan an tsaya ya koma yadda yake. Ya kuma gaya mini wani abu da ya ba ni mamaki: ko mai lafiya kafofin hancinsa karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ta ɗan cika ɗaya ta saki, bayan 'yan awanni su yi musanya. Wani likitan Jamus, Richard Kayser, ya bayyana haka tun 1895. In kuma ka kwanta a gefe ɗaya, kafar da ke ƙasa ce take cika. Na sha lura da wannan a kan gado, na ɗauka nawa hancin ne ke da iyayi.

Asalin matsalata, in ji shi, jikina ba ya shiri da ƙura, ita ta sa toshewar da murar 2018 ta bari ta ƙi saki na. Ya rubuta mini wani maganin fesawa na daban, mai rage kumburi a hankali, wanda sai an yi mako ɗaya ko biyu ana amfani da shi kullum kafin a ga aikinsa. Ya ce in riƙa wanke hancin da ruwan gishiri: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Kwalbar kuwa kada in yar da ita rana ɗaya, in fara hana kafa guda, in ta warware in hana ɗayar. Sannan ya ce tun da na gano turmi, in yi amfani da shi: in motsa jiki tukuna, in hanya ta buɗe sai in wanke in fesa, don maganin ya isa ciki maimakon ya tsaya a bakin ƙofa ya gangaro.

To a gidan haya a birni ina zan ga turmin surfe? Na yanko igiyar shanya. Bayan sallar asuba na fito tsakar gida na fara tsalle, abin da rabona da shi tun firamare. Yara suka leƙo ta taga suna ƙunshe dariya. Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin zaure da carbi a hannu ya ce, "Malama, girma fa." Na ce, "Malam, ko wannan ko minshari." Ya yi shiru, can ya ce, "Nawa kika yi? Bari in ƙirga miki."

Tsallen bai yi nisa ba, kuma zan faɗi dalili saboda 'yan'uwana mata: wadda ta haifi biyar, in ta yi ta dira a ƙasa, alwalarta ba ta tsira. Ba abin kunya ba ne, haihuwa ce. Sai na koma tafiya a tsaye wuri ɗaya, ina ɗaga gwiwa sama ina wurga hannu, ko in hau dakalin ƙofar ɗaki in sauka, in hau in sauka. Na lura ba irin motsin ne ke da muhimmanci ba. In dai numfashi ya ɗaga har magana ta fara yi mini nauyi, tsakanin minti biyar zuwa goma hancin zai saki. Tafiyar rangwaɗa ba ta yin komai.

Kwana goman farko da na hana kafar dama, Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Ƙarfe biyun dare hannuna zai tafi ƙarƙashin matashi da kansa. Sai in tashi in fita falo cikin duhu in yi ta taka ƙasa kamar soja, har in ji fiton nan, in yi maza in koma in kwanta a gefen hagu da matashi biyu, in yi ƙoƙarin barci ya ɗauke ni kafin ƙofar ta rufe. Wani daren in yi nasara, wani daren in tashi sau uku. Minti ashirin ɗin nan ba su warkar da ni ba, maganin fesawa da barin ɗigo su suka yi wannan. Amma ba don su ba da ban kai kwana uku ba. Wanda ke nutsewa, in yana samun ɗago kai lokaci-lokaci, zai iya jiran kwalekwale.

Na kuma daina hawa Napep zuwa makaranta. Tafiyar minti ashirin da biyar ce in na sa sauri, ranar hazo in sa takunkumi a ƙarƙashin niƙabi. Ina isa hancina a buɗe, don haka na juya tsarin darasi: biyawa da duk abin da ke buƙatar muryata a farko, sauraren hadda a ƙarshe. Kafar dama ta warware a mako na uku, hagu ta ɗauki wasu biyu. Azumin 2022 ya kama a farkon Afrilu, ranar farko da aka kira magariba na ɗauki dabino, sai da na kai baki na tuna.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka kowace toshewa turmi ne maganinta. A hunturun 2023 mura mai zazzaɓi ta kama ni, na ce ai na san dabara, na tashi ina taka ƙasa, jiri ya kwashe ni sai da na dafa bango. Likita ya riga ya gargaɗe ni, ni ce na yi kunnen ƙashi: in akwai zazzaɓi, ko ciwon jiki, ko abin ya sauka ƙirji, hutu ake yi. Mai asma, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai ciki, su tambayi likitansu tukuna. Ranar da ƙura ta yi yawa a yi a ɗaki. Akwai wata a ajin matan aure da na ba wannan shawara ta yi wata guda ba ta ga komai ba, ashe wani tsiro ne a cikin hancin, sai da aka yi mata aiki. Kuma har yau in hunturu ya shigo ina komawa kan maganin fesawa da ruwan gishiri, wani lokacin ma ina cikin tafiya hancin ya yi ta zuba kamar famfo, sai da hankici a hannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne shekara uku ina sayen kwalbar nan a wurare daban-daban, ba wanda ya taɓa ce mini kwana bakwai. In na fara wannan ƙorafin sai Malam ya ce, "Takardar fa wa ya yar?" Sai in canza magana.

Bara Gwaggo ta aiko mini da turmi da taɓarya a bayan motar kasuwa, wai tun da na ce magani ne ga shi nan. Yana nan a gindin bango, ina daka sakwara da shi ranar Juma'a, maƙwabta kuma sun gane, sukan aiko da ɗan geronsu. Taubashiyata ta zo a watan Cika-ciki karɓar kuɗin shara, na ba ta, ta juya kuɗin ta ce wannan na shara ne, saura na asibiti, domin ita ce likitar da ta fara duba ni. Na ce ta kawo takardar shaidarta. Ta nuna turmin.